Gidan kiwon tururuwa mai yankan ganye, bayan wata goma sha huɗu ana amfani da shi

Wata goma sha huɗu ke nan da muka sayi wannan gidan kiwon tururuwa mai yankan ganye domin ɗakin koyar da ilimin halittu da nake kula da shi, kuma da gangan na jinkirta rubuta ra'ayina a kansa, saboda irin wannan kaya ba a gane ingancinsa a makon farko. Abin da ya zo a cikin kwalin shi ne akwatuna huɗu na roba mai garai-garai kamar gilashi, da bututan da ke haɗa su, da shimfiɗar ɗumama mai na'urar daidaita zafi, da ma'aunin laima, da kwalbar ruwan santsi da ake shafawa a bakin akwati don kada tururuwa ta haura, da kuma ƙaramin madubin likita da ake jonawa da kwamfuta. Tururuwar kanta daban muka samo ta, tare da takardar izini. Sarauniya ɗaya ce ta nau'in Acromyrmex octospinosus, da ma'aikata 'yan ɗaruruwa, da lambun naman gwari wanda a lokacin bai wuce girman dunƙulen hannu ba.

Takardar tallar kayan cike take da hotunan tururuwa a jere, kowace da guntun ganye a ka kamar lema, kuma wannan ne ke jan hankalin mai saye. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan tururuwa ya san cewa ita ce mafi sauƙin sha'ani a gidan, lambun ne mai saurin mutuwa. Ma'aikata suna yanko ganye su kai gida, ƙananan cikinsu su lashe shi su daddatsa shi har ya yi laushi, su ɗiga masa ruwan bayan gidansu, sannan su dasa masa zaruruwan wani naman gwari mai suna Leucoagaricus gongylophorus. Naman gwarin ne ke narkar da ganyen, ya fitar da 'yan ƙulle-ƙulle a bakin zaruruwansa, waɗanda masana ke kira gongylidia, kuma da su ake ciyar da tsutsotsi da sarauniya. Thomas Belt, wani injiniyan haƙar ma'adinai ɗan Ingila da ya yi aiki a Nikaragwa, shi ne ya rubuta a 1874 cewa noma waɗannan halittu suke yi, daga baya Alfred Möller, wani Bajamushe da ya yi bincike a garin Blumenau na kudancin Burazil, ya tabbatar da maganar a aikin da ya wallafa a 1893. Idan lambun ya mutu gidan ya rushe, ko da sarauniya tana nan da ranta. Don haka da lambun na auna wannan kaya, shi da ƙananan halittun da ke zaune a cikinsa waɗanda ido ba ya gani, na bar maganar kyan kallo a baya.

Akwatin lambun shi ne mafi kyawun abin da ke cikin kwalin, kuma a nan maƙerin ya nuna ya san aikinsa. An yi masa daɓe na jifsam, wato farin garin dutse da ake kwaɓawa ya daskare, mai kaurin yatsa biyu, da wata 'yar kafa a gefe da ake zuba ruwa ta cikinta da sirinji ba tare da an ɗaga murfi ba. Daɓen yana shan ruwan yana sakin laima a hankali, ta yadda ma'auni bai taɓa sauka ƙasa da kashi 90 cikin ɗari ba, wanda shi ne abin da naman gwarin ke bukata. Rashin ɗaga murfin yana da amfani biyu, domin duk buɗewa tana busar da saman lambun inda sabon dashe yake, tana kuma shigo da irin fumfuna da ke yawo a iskar kowane ɗaki.

Inda aka fara kuskure shi ne shimfiɗar ɗumamar. Littafin umarni ya ce a sa ta ƙarƙashin akwatin lambun, na kuwa bi umarnin. Cikin kwana uku sai na tarar murfin ya yi raɓa, ruwa yana ɗiga a kan lambun, ma'aikata kuma suna ɓantarar sa suna kai wa cikin bututu guntu-guntu. Ruwa ba ya tsami banza, don haka na tura wani ma'aunin zafi har kan daɓen, sai ya nuna digiri 31, alhali na'urar da ta zo da kayan, wadda bakinta ke rataye a iska, tana nuna 25. Naman gwarin ya fi jin daɗi a wajen digiri 25 na ma'aunin Salsiyas, kuma abin da ya haura 30 yana cutar da shi. Zafin da ke tasowa daga ƙasa shi ne ya riƙa tayar da ruwan daɓen sama, ya taru a murfin da ya fi sanyi, ya dawo kan lambun, inda ɗigo ɗaya ya isa ya ruɓar da wurin da ya sauka. Gyaran bai yi wuya ba. Na saka akwatunan duka cikin kabad, na manna shimfiɗar a bangon kabad ɗin domin ta ɗumama iskar da ke kewaye da su, kuma cikin mako guda tururuwar ta mayar da lambunta inda yake. Shimfiɗar ba ta da aibi, umarnin ne ba daidai ba.

Abin da ya fi burge ɗalibai, ni ma ya fi burge ni, shi ne siririn fasalin akwatin. Faɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da tsayinsa, saboda haka lambun yana girma manne da bango, ana ganin sa daga sama har ƙasa kamar an tsaga shi da wuƙa. Saman yana da duhu, kore-kore mai ruwan toka, domin nan ake ɗora sabon ganye. Tsakiyar fara ce mai ramuka kamar soso, a nan zaruruwan suka yi kauri, a nan gongylidia suka fi yawa, a nan kuma ake ajiye ƙwai da tsutsotsi. Ƙasan ya koma launin ƙasa, amfanin ganyen ya ƙare, ma'aikata suna ɓallo shi suna kai wa juji. Guntun ganye yakan ɗauki kimanin mako shida kafin ya gama wannan tafiya. Mun ba su jan furen wardi na kwana biyu, launinsa ya bar zane a jikin bango, muka yi ta bin zanen yana sauka yana dusashewa. A akwati mai faɗi, irin wanda aka fi sayarwa, saman lambun kaɗai ake gani, kuma mai kiwo ba ya sanin ƙasan ya lalace sai wari ya gaya masa.

Wannan soso da ake gani ba naman gwarin kaɗai ke zaune a cikinsa ba. Binciken da Frank Aylward da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, wanda suka karanta DNA, wato sinadarin gado, na lambunan tururuwar Atta, ɗaya dangin masu yankan ganye ban da Acromyrmex, ya nuna cewa 'yan dangogin bakteriya kaɗan ne suka mamaye wurin, musamman Enterobacter da Klebsiella da Pantoea da Citrobacter, 'yan gida ɗaya da wasu bakteriyar da ake samu a hanjin dabbobi. Shi ya sa wasu masana ke kallon lambun a matsayin tumbin da tururuwa ta ajiye a wajen jikinta. Naman gwarin ne ke yin mafi yawan aikin narkar da ganye, su kuma bakteriyar suna rayuwa a kan sukarin da ya fito. Ba su zauna a banza ba. A 2009 Adrián Pinto-Tomás, masani ɗan Kosta Rika, da abokan aikinsa sun nuna cewa Klebsiella da Pantoea na lambun suna kamo naitirojin daga iska su mayar da shi abin da sauran halittu za su iya amfani da shi, kuma wannan naitirojin yana ƙarewa a jikin tururuwar kanta. Ganye ba shi da wadatar naitirojin, don haka wannan gudummawa tana daga cikin abin da ya sa gidan Atta guda ɗaya a daji yake iya ciyar da miliyoyin ma'aikata da ganye zalla. Ban da su akwai nau'o'in yis, akwai kuma irin fumfuna daban-daban da ke kwance ba su tsiro ba, saboda tsamin lambun da kulawar ma'aikata sun danne su.

Na kawo wannan bayani ne saboda littafin umarnin ya ce a riƙa goge cikin akwatunan duka da maganin kashe ƙwayoyin cuta duk wata. A akwatin da ake zuba ganye babu laifi, in dai an yi amfani da alkol aka bari ya bushe sarai kafin a mayar da bututu. A akwatin lambu kuwa wannan shawara ɓarna ce, domin maganin ba ya bambance maƙiyi da mai taimako, kuma daɓen jifsam yana shanye duk abin da aka zuba masa ya riƙe. Ni ban taɓa goge cikin akwatin lambun ba ko sau ɗaya, bangonsa kuma yana nan garau, saboda ma'aikata suna lashe shi da kansu.

Kuskure mafi muni a littafin shi ne inda aka rubuta cewa idan aka ga farin gari a jikin tururuwa to fumfuna ce ta kama ta, a cire ta daga gidan kafin ta yaɗa cutar. Wanda ya bi wannan a gidan Acromyrmex zai zubar da ma'aikatan da lambun ya fi bukata. Shekara da shekaru masana ma suna ɗaukar wannan farin abu a matsayin kakin da jikin tururuwa ke fitarwa, sai a 1999 Cameron Currie, wanda a lokacin ɗalibin digirin digirgir ne a Jami'ar Toronto yana bincike a Panama, ya nuna tare da abokan aikinsa cewa bakteriya ce mai zaruruwa, kuma tana fitar da sinadarin da ke hana wani fumfunan lambu girma. Da farko an ɗauka Streptomyces ce, daga baya aka gyara aka ce Pseudonocardia. Tururuwar ba ta ɗauke da ita bisa tsautsayi, domin a fatarta akwai 'yan ramuka masu maɓuɓɓugai a ƙarƙashi da ke ciyar da bakteriyar, kamar yadda wani binciken na Currie ya nuna a 2006. Sabuwar ma'aikaciya tana karɓar ta daga manyanta cikin sa'o'in farko bayan ta fito, farin ya bazu ya rufe jikinta duka cikin mako biyu ko kusan haka, wato daidai lokacin da take aiki a cikin lambu, sannan ya ja baya ya tsaya a ƙirji ƙarƙashin wuya idan ta girma ta koma fita neman ganye. Sarauniya ma da ita take barin gidan iyayenta ranar da ta tashi aure, tare da ɗan dunƙulen naman gwari a wani aljihu da ke cikin bakinta.

A kan nau'in da muke kiwo ma an yi aiki na musamman. A 2010 masu bincike a Jami'ar East Anglia ta Ingila sun duba gidajen Acromyrmex octospinosus da aka samo daga Tirinidad, suka tarar da Pseudonocardia mai yin wani sinadari ɗan'uwan nistatin, maganin da likitoci ke ba wa mai fumfunan baki, suka kuma tarar da Streptomyces mai yin kandisidin, shi ma maganin fumfuna. Har yanzu masana suna muhawara kan yawan abin da tururuwa ta gada daga iyaye da yawan abin da take tsinta daga ƙasa, amma babu mai cewa farin nan cuta ne. Mai yiwuwa wanda ya rubuta littafin Atta kaɗai ya saba riƙewa, domin Atta ba ta da wannan farin lulluɓi, ta fi dogara da ruwan wasu maɓuɓɓugai biyu da ke bayan ƙirjinta, wanda take gogowa da ƙafafun gaba ta shafa wa lambu. To amma an rubuta a jikin kwalin cewa kayan na dangogin biyu ne, don haka uzurin bai yi ƙarfi ba. Bambance lafiya da cuta ba shi da wuya. Tururuwa mai rai da kuzari, da fari a ƙirji ko a jiki duka, lafiyarta ƙalau. Gawar da wani gashi-gashi ya tsiro mata ta gaɓoɓi, fari ko kore, ita ce abin tsoro, domin haka Beauveria da Metarhizium, masu kashe ƙwari, suke bayyana.

Akwatin juji shi ne babban rauni a ƙirar kayan, kuma shi ne ya kusa jawo mana asara. An yi shi ƙarami, ba shi da isassun hudojin shan iska, bututun da ya haɗa shi da lambu kuma gajere ne kuma a miƙe, ta yadda laimar lambu tana ratsawa ta jiƙa sharar. A daji tururuwar ba ta wasa da wannan al'amari. Atta colombica tana tara shararta a waje nesa da bakin rami, Atta cephalotes tana haƙa mata ɗakuna daban a ƙarƙashin ƙasa, kuma tsofaffin ma'aikata ne ke aikin juji, waɗanda ba kasafai ake barin su su koma cikin lambu ba. Dalilin shi ne abin da ke cikin sharar. Idan ma'aikaciya ta lashe lambu, ƙurar irin fumfunan da ta kwaso tana taruwa a aljihun bakinta ta zama ɗan dunƙule, ta je ta tofar a juji, kuma duk guntun lambun da ya kamu can ake jefar da shi. Maƙiyin da aka fi sani shi ne Escovopsis, fumfunan da ke cin naman gwarin kansa, wanda kusan ba a samun sa sai a gidajen tururuwa masu noma. An bayyana nau'insa na farko, Escovopsis weberi, a Burazil a 1990, kuma a 2018 an nuna cewa yana fitar da sinadarai masu danne Pseudonocardia da masu gigita tururuwar. Wasu masana na baya-bayan nan suna ganin ya fi cin ƙarfin lambun da ya riga ya raunana, wanda kuma wannan ƙarin dalili ne na kula da zafi da laima da shara.

A wata na bakwai, bayan hutun kwana huɗu, na dawo na tarar da saman jujin ya yi fari kamar auduga, da kore-kore a tsakiya, zaruruwan kuma sun kama hanyar bututu. Wata abokiyar aiki ta shuka shi a farantin gwaji ta ce Trichoderma ne, fumfunan ƙasa da ake samu ko'ina, wanda yake da saurin girma kuma yana cin sauran ire-iren naman gwari. Abin da tururuwar ta yi ya fi duk laccar da na taɓa gabatarwa amfani. Sun toshe bakin bututun da busassun guntayen ganye, ƙananan ma'aikata sun yi cincirindo a gefen lambun da ke kusa suna lashewa, manya kuma suna girgiza guntayen da suka kamu har su ɓalle, su fitar da su ta ɗaya ƙofar su tara a akwatin ganye. Lambun ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu kafin abin ya tsaya. Na cire akwatin jujin na wanke shi da ruwan zafi, na ƙara masa hudoji a murfi da ragar ƙarfe, na sauke shi ƙasa da sauran akwatunan, na kuma haɗa shi da dogon bututu mai lanƙwasa. Tun daga lokacin sharar a bushe take, ina kwashe ta duk mako biyu da safar hannu, kuma cokalin da ya taɓa juji ba ya zuwa kusa da lambu. Da maƙerin ya yi wannan tun farko, kuɗin da zai ƙara kaɗan ne.

Madubin likitan da ya zo da kayan yana bukatar a yi masa adalci, domin yana da amfani amma ba irin wanda aka yi alƙawari ba. An rubuta a jikinsa cewa yana ƙara girman abu sau 1000, an kuma sa hoton bakteriya a kwalin. Wannan lissafi na girman allon kwamfuta ne, kuma idan aka murɗa shi zuwa ƙarshe hoton yana ƙara faɗi ne kawai ba tare da ƙarin bayani ba. Ƙwayar Klebsiella ɗaya tsawonta maikiron ɗaya ko biyu ne, wato milimita a raba ta gida dubu a ɗauki ɗaya ko biyu, kuma ganin ta yana bukatar cikakken madubin ɗakin gwaji, da rini, da idon madubi mai nutsewa a mai. Ko da shi ma siffa kawai ake gani, sanin suna sai an shuka a faranti ko an karanta DNA. Duk da haka a ƙaramin mataki madubin yana aiki sosai. Ta jikin bango ana ganin tarin gongylidia kamar fararen duwatsun ado, ana ganin ma'aikaciya tana tsinko su tana kai wa tsutsa, ana ganin farin ƙirjin Acromyrmex da iyakarsa, kuma wannan ya isa a nuna wa ɗalibi inda Pseudonocardia take. Idan aka ɗauko ɗan guntun lambu aka sa a ɗigon ruwa, ana iya rarrabe ƙulle ɗaya daga ɗan'uwansa, duk da cewa kowane bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Fitilun da ke kewaye da bakinsa suna haska robar su dawo da walƙiya, don haka sai an kashe su an haska daga gefe. Mariƙinsa kuma yana rawa, na maye gurbinsa da na ƙarfe.

Game da ganye littafin ya lissafa tsirran da tururuwar ke so, amma bai ce komai ba kan maganin feshi, alhali furen da aka saya a kanti sau da yawa yana ɗauke da maganin fumfuna, wanda ba ya taɓa tururuwa amma yana kashe lambu. Mu daga tsirran da muka shuka da kanmu muke yankowa. Tururuwar tana da nata tsaron, domin gwaje-gwaje sun nuna cewa idan ganye ya cutar da naman gwarin, ma'aikata suna daina ɗaukar irin wannan ganye bayan kwana ɗaya ko kusan haka, kuma su ci gaba da ƙin sa har makonni, ko da an daina saka masa maganin. Babban gida yana jure wannan jinkiri na kwana ɗaya, amma lambu mai girman dunƙulen hannu yana iya ƙarewa kafin saƙon ya isa ga masu yanka.

Ragar roba da aka sa a hudojin shan iska ba ta yi wata biyu ba suka yanka ta, abin da bai kamata ya ba maƙerin gidan masu yankan ganye mamaki ba. Ruwan santsin yana aiki, sai dai laima tana rage masa ƙarfi, don haka ina sabunta shi duk wata. Tserewa ba abin wasa ba ne a wannan nau'i, domin Acromyrmex octospinosus ce aka fara gani a tsibirin Gwadaluf da ke yankin Karibiyan a 1954, inda ba asalinta ba ne, ta bazu ta zama annoba ga gonaki da daji. A Amurka ana bukatar izinin Ma'aikatar Noma kafin a shigo da ita ko a tsallaka da ita daga jiha zuwa jiha, a Burazil kuma saúva da quenquém, kamar yadda ake kiran Atta da Acromyrmex, suna cikin manyan maƙiyan manoma da masu dashen itatuwa. Littafin ya ambaci doka a layi ɗaya a shafin ƙarshe, da ƙananan haruffa.

Na rubuta wa kamfanin sau biyu. Wasiƙar farko, ta maganar raga da bututu, an amsa ta cikin kwana biyu cikin ladabi, aka aiko da ragar ƙarfe da dogon bututu kyauta. Ta biyu, wadda na yi bayanin farin ƙirji da shimfiɗar ɗumama da goge akwatin lambu, an amsa da godiya da alƙawarin miƙa ta ga masu tsara littafin. Wanda ya riga ya san Escovopsis da Pseudonocardia, yake kuma da haƙurin huda murfi da sauya bututu, zai ji daɗin akwatunan lambun, shi ya sa da lambunmu ya cika akwati biyu na sake sayen na uku a wurinsu a watan jiya. Ya zo lafiya, da ragar ƙarfe a hudojinsa wannan karon, da sabon bugun littafin umarni mai bango mai sheƙi. Na buɗe wurin da ake maganar farin gari a jikin tururuwa, na tarar da jimlar tana nan yadda take, na ja mata layi da jan biro kafin na ajiye littafin inda ɗalibai ke ɗauka.